Akuyar Tabawa da Fakon Tanimu

An ce wani sarki ya daɗe bisa gadon mulki har shari'a ta gundure shi, musamman shari'ar miji da mata. Sai ya kafa doka guda don ya huta: duk auren da ya mutu, kowa ya fita da abin da ya shigo da shi. Fadawa suka ce ba a taɓa jin hikima irin wannan ba. Shi ma sarkin bai musa ba, don tun daga ranar ake tashi daga fadanci kafin azahar.

Ana nan sai aka kawo masa wani manomi, Tanimu, da matar da ya saka, Tabawa, bayan zaman shekara ashirin da shida. Ba duka, ba zagi. Gajiya ce kawai ta raba su, har ta gama idda ba wanda ya nemi biko. Gado da tukwane da kwanuka nata ne, ba gardama. Gardamar a kan awaki take, su talatin da ɗaya.

Tanimu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da akuya ɗaya ta shigo gidana, wadda uwarta ta ba ta. Sauran duk harawar gonata suka ci suka zama awaki. Kowace kaka ni ke naɗe ganyen wake in ɗora bisa rumfa. Ta ɗauki gudarta, ta zaɓi mai ƙiba ma, na yafe."

Sarki ya dubi Tabawa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni na gaji da magana. Shekarata hamsin, gidan ƙanena zan koma, shi ma ba wani abu gare shi ba. In an ce ɗaya, to ɗaya."

Waziri ya lissafa da yatsu, ko da yake lissafin bai kai yatsa biyu ba, ya ce doka ta yi daidai da maganar mijin. Sarki ya yi hamma, ya ce a kira mai jaki ya kai mata kayanta.

Aka shigo da wani tsoho, Nomau, wanda sana'arsa kai taki gonaki da rani cikin mangala, wato buhunan nan biyu da ake rataya wa jaki. Ya durƙusa da ƙyar, ya ce, "Ya sarki, kafin in ɗaura kaya ina so a gaya mini jaki nawa zan nemo."

Sarki ya ce, "Gado da tukwane? Naka ɗaya ya isa."

"Ya isa gado, ya sarki. Ƙasar nake tambaya."

"Wace ƙasa?"

Nomau ya ce, "A yi mini izinin tambaya uku, ni jahili ne, da tambaya nake gane hanya. Me Tanimu ya shigo da shi auren nan?"

Tanimu ya yi karaf ya ce, "Gonata, gadon ubana!"

"Gaskiya ne, na san mahaifinka, Allah ya ji ƙansa. Dami nawa marigayin yake samu a cikinta?"

Tanimu ya ɗan yi tari. Ya ce wajen goma, in damina ta yi kyau.

"Bana fa?"

Tanimu ya ce bai ƙidaya ba. Tabawa, ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ce, "Ɗari da tamanin."

Nomau ya ce, "Ya sarki, fako ne ya gada, ƙasa mai tauri wadda fartanya ke tsalle a kanta. Rani ashirin da shida ni ke shiga garken matar nan in share kashin awakinta, in kai wannan fako in zube. Na kashe jakai huɗu a hanyar. Yanzu baƙar ƙasa ta kai zurfin tafin hannu. In awaki na mai harawa ne saboda sun ci tasa, ai ƙasar ta mai awaki ce. Ta bar masa talatin, a kankare mata gonar, shi ma ya fita da fakon da ya shigo da shi. Ina ga jaki dubu za su yi, in an fara da wuri."

Waziri ya sake duba yatsunsa, bai sami taimako ba.

Tanimu ya ce, "Haba, Baba Nomau! Da ni da kai?"

"Ni ba ni na kafa dokar ba, ɗana. Dako kawai nake yi."

Sarki ya gyara zama, ya ce, "Ya kai tsoho, harawa ta yi awaki, awaki sun yi ƙasa, ƙasa ta yi harawa. Ta ina zan yanka?"

Nomau ya ce, "Kada ka yanka, ya sarki. Aure ne ya mutu, akuya ba ta ji labari ba, gona ma haka. Ta tafi da garkenta duka, ya riƙe gonarsa duka. Da kaka ya aika harawa, da rani ta aiko taki."

Tabawa ta ce, "Ni dai kada a ce sai na riƙa ganinsa."

"Ba sai kun haɗu ba, 'yata. Ni zan kai, ni zan kawo. Jakina ba ya ɗaukar gaisuwa, ba ya kai tsegumi."

Sarki ya lura cewa hukuncin ya tanadar wa tsohon aikin dako har ƙarshen ransa, amma bai ga inda wannan ya ɓata shi ba. Ya zartar. Tanimu ya yarda da sauri, kafin wani ya sake ambaton jaki dubu. Tabawa ta yi godiya a taƙaice, ta fita ta kora awakinta talatin da ɗaya.

A ranar sarki ya soke dokarsa, ba da murna ba. An ce daga nan fadanci bai ƙara tashi kafin la'asar ba, kuma ya rasu yana ƙorafin ciwon baya. Amma kafin ya tashi a wannan rana ya ce wa waziri, "Shekara goma ina tambayar mutane abin da suka shigo da shi, don shi ne mai saurin amsawa. Ashe adalci ba ya tsayawa a bakin ƙofa. Sai ya shiga gidan ya ga abin da kowa ya zuba."