Taɓaryar da Ta Riƙe Rufi

An ce wani sarki ya yi zamani a wani babban birni da ya cika ya batse, har ɗakin kwana ya fi tuwo wuyar samu. Masu gidajen haya suka ga kasuwa ta buɗe, suka shiga ci da hannu biyu. Yau a ƙara wa mutum kuɗin ɗaki, gobe a sake ƙarawa, in ya yi gardama a cire masa ƙyaure ya kwana da iyalinsa ƙofa a buɗe. Da kuka ya kai kunnen sarki sai ransa ya ɓaci, ya sa aka yi shela cewa daga ranar kuɗin haya ya tsaya inda yake har abada. Duk mai gidan da ya ƙara, ko ya kori ɗan haya, ko ya bar ɗaki ya lalace a kan mutum, za a karɓe gidan a rufe, a bar shi ya ɗauki kayansa, a fitar da shi bayan ganuwa. Talakawa suka yi murna, kuma da gaskiyarsu. Sai dai sarki kuɗin ɗaki ya ɗaure, bai ɗaure kuɗin azara ba.

A cikin birnin akwai wata tsohuwa ana ce mata Yalwa. Mijinta ya rasu bai bar mata ɗa ba, sai gida mai ɗaki biyu. Tana kwana a ɗaya, ɗayan kuwa wani masani mai suna Malam Hambali ke haya, kuma da abin da yake ba ta take ci. Ba zan ce muku waliyyiya ce ba, don lokacin da ake ƙari ita ma ta ɗan lasa. Amma shekaru suka wuce, azara ta yi tsada, magina suka yi tsada, kuɗin ɗaki yana nan inda sarki ya ajiye shi, gara kuwa ba ta san da wata doka ba.

Malam ya taɓa miƙo mata ƙari a ɓoye, ta janye hannu kamar garwashi ya ba ta, don masu kai rahoto fada sun fi ƙuda yawa. Shi ma ba shi da inda zai koma, gama masu ɗakuna sun gwammace su ɗaure awaki a ciki da su saka mutum.

Da babbar azarar ɗakin Malam ta tsage, ya samo itace mai gwafa ya tokare gefe ɗaya. Tsakiya ta ci gaba da lotsawa. Sai Yalwa ta kifa turminta a ƙasa, ta tsayar da taɓarya a kai, ta tokare tsakiyar. Daga ranar ta koma aron turmin maƙwabta, tana cewa nata ya fashe. Tsoro ya zama abokin zamanta. In hadari ya haɗo sai ta tsaya tsakar gida tana kallon rufin. In ya faɗi ta kashe malami, in an gani kuma sai bayan ganuwa, inda tsohuwa ba ta da kowa sai kuraye.

Ana nan cikin tsakiyar damina sai ga ɗan aike daga fada, ya ce sarki zai ziyarci Malam bayan azahar, domin al'adarsa ce ya riƙa gwada masana da tambayoyi. Nan take Yalwa ta nufi wurin Malam.

Ta ce, "Malam, don girman Allah ka tarbe shi a waje. Ga inuwar ceɗiya nan."

Ya ce, "Yalwa, baƙo a ɗaki ake sauke shi."

"To, so kake a fitar da ni? Ina zan nufa da waɗannan gwiwoyin?"

"Abin da ke hana ki barci, ni a ƙarƙashinsa nake kwana. Bari wanda ya dafa ya zo ya ɗanɗana."

Da ta ga ba zai juyu ba, sai ta ɗauko tsohuwar tabarma ta naɗe turmi da taɓarya, ta ɗaure da igiya, ko Allah zai rufe idon sarki.

Sarki ya iso gabas ta yi baƙi ƙirin. Ya bar dogarai a waje, ya sunkuya ya shiga, ya zauna a buzu can cikin ɗaki, daidai gindin tabarmar. Yalwa ta raɓe a bakin ƙofa tana saurare.

Bayan gaisuwa sarki ya ce, "Ya malam, tun da na kafa dokar haya ba a kawo mini ƙara ko ɗaya ba. Shin ba alamar adalci ke nan ba?"

Malam ya ce, "Ya sarki, 'yan tsaki kan yi shiru in sun ƙoshi, sukan kuma yi shiru in shaho ya gifta. Mai kaji ba ya sanin wanne ne sai ya ɗaga kai."

Sarki ya gyara zama, ya ce, "To tsakanin mai gida da ɗan haya, wa ya fi cancanta sarki ya tsaya masa?"

"Ya sarki, tsakanin bangon gabas da na yamma, wanne ya fi cancanta ya ɗauki rufi?"

Sarki ya yi murmushi ya ce, "Na zo neman amsa, ka sallame ni da tambaya."

Bai rufe baki ba iska ta taso, aka yi wata tsawa, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Azara ta yi ƙara, ƙasa ta zubo a cinyar sarki, ruwan laka ya ɗigo masa a rawani. Sai ya ɗaga kai, ya ga tsagar, ya ga gwafar da aka tokare gefe da ita. Fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Wa ke da gidan nan?"

Yalwa ta rarrafo ciki, ta durƙusa. Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ce."

"Kin san doka?"

"Na sani."

"To tashi ki ɗauki kayanki yanzu, dogarai su raka ki ƙofar gari."

Ta dubi Malam, Malam na kallon ƙasa. Ta ce a ranta, shi ke nan, ya sayar da ni. Sannan ta ce, "Allah ya ba ka nasara, kayan nawa ba yawa. Turmi ne da taɓarya."

"Ɗauki ki tafi."

Tsohuwa ta miƙe. Tsoron saɓa wa sarki ya fi mata tsoron rufi, don haka ta kwance igiya, tabarma ta zame, ta kama taɓarya da hannu biyu ta murɗa. Azara ta yi wani irin nishi, ta lotso, ƙasa ta zubo yuu a kan su ukun. Sarki ya dubi ƙofa, ya ga tsagar tana tsakaninsa da ita. Wannan mutum da ya sha tsayawa gaban mashi a fagen yaƙi bai ƙifta ido ba, sai ga shi ya zabura ya cafke taɓaryar.

Ya ce, "Tsaya, uwata. Kada ki motsa."

Malam ya ce, "Ya sarki, dokarka ce ta ce ta ɗauka. Gwafar can tawa ce, taɓaryar nan tata ce, su biyun ke riƙe da abin da ke bisa kanka. Ka zaɓi wadda za a cire, sai in amsa maka tambayarka."

Sarki ya ƙara damƙe taɓaryar. Haka ya tsaya, hannunsa a kan hannun Yalwa, laka na zuba a wuyan rigarsa, kowace tsawa yana jin ta a cikin ƙashinsa. A nan ya tambaye ta dalilin da ya hana ta gyara. Da ta ga babu sauran abin da za ta rasa sai bakinta ya buɗe. Ta gaya masa tsadar azara, da ƙarin da ta ƙi karɓa don tsoro, da ɗakunan da awaki ke kwana a ciki mutane na kwana a rumfunan kasuwa. Ba ta ɓoye masa ƙarin da ta yi a da ba.

Da ruwa ya tsagaita, dogarai suka shigo da itatuwa suka tokare, sannan sarki ya saki taɓarya, yatsunsa sun ƙage. Ya ce, "Ya malam, na ɗaga kai, na kuwa ga shahon. Ni ne."

Washegari aka sake shela. Cire ƙyaure da korar mutum ba wa'adi suna nan a haramce. Amma kowace shekara kafin ruwa ya sauka, dattawan unguwa za su zauna da magini da mai gida da ɗan haya, su dubi rufi, su dubi ƙarfin mai biya, su yanka abin da ba zai karya kowa ba. Wanda ya kawo kuka kuma gyara za a yi, ba rufe gida ba. Gidan Yalwa aka fara kai wa azara daga fada.

Ranar da magina suka gama, tsohuwa ta mirgino turminta tsakar gida, ta wanke shi, ta zuba gero. Maƙwabta suka jiyo daka, wata ta leƙo ta katanga ta ce, "Yalwa, ba kin ce ya fashe ba?"

Ta ce, "Aiki ya tafi yi, ya dawo."

Shi ya sa masu hikima suka ce adalci rufi ne, ba ya tsayuwa a kan bango ɗaya.