Gizo da Bargar Goɗiya

Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Wata Goɗiya ce bargarta ta rushe, ga damina ta ƙarato, ga ta da ciki haihuwa yau ko gobe. Tana cikin damuwa sai ga Gizo, wanda ko akurki bai taɓa ginawa ba.

Ya ce, "Gwaggo, ni fa magini ne. Amma irin ginina sai da ɗorawa."

"Ci za ka yi?"

"Haba! Gini ne ke ci."

A ransa kuwa so yake ya yi ginin banza, ruwa ya rushe shi, baɗi a sake kiransa.

Ta kawo kwando guda. Gizo ya laɓe ya shanye garin tas, ya tura ɓawon cikin ramin kwaɓa don kada a gani.

Kashegari ya ce, "Gwaggo, tushe ya ƙoshi, saura bango." Ta kawo. Ya shanye, ya tura ɓawon a rami.

Rana ta uku ya ce, "Rufi ma yana kukan yunwa." Ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, me ya sa bakinka ya yi rawaya?"

"Ƙasar nan ce, Gwaggo, haka take yi wa magina."

Ɓawo ya jiƙa ya tsumu a rami. Da wannan kwaɓin Gizo ya yaɓe bargar, yana dariya ƙasa-ƙasa. Shashasha! Bai san da ɓawon ɗorawa ake yin makuba ba, shafen nan da ruwa ba ya cinsa.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Barga ko gezau. Goɗiya ta haihu lafiya a busasshen wuri. Ɗakin Gizo kuwa ya narke kamar gishiri.

Sai ga shi jiƙe sharkaf. "Gwaggo, a sam mini wurin fakewa."

Ta ce, "Shigo, magini. Ƙasa ta jaririna ce, kai hau kusurwa."

"To ɗorawa fa?"

"Ai gini ya ƙoshi."

Shi ya sa har yau in kun leƙa barga, za ku gan shi can sama a maƙale, yana jiran bango ya tsage.

Kun ji dai, jikokina. Mai shirya wa wani cuta, sau da yawa kansa yake cuta, wancan kuwa ya kwana lafiya.

Ƙungurus kan kusu, mai gyangyaɗi ya yi asara.