Jar Rigar 'Ya'yan Yakuwa

Dalilin da ya sa in an tsinko zoɓo ake ɓare jan a jiƙa, a watsar da ɗan ƙwallon da ke ciki, shi zan gaya muku, in kun bar ni na yi magana. Ku ajiye kofunan nan tukuna, zoɓon ba guduwa zai yi ba. Kun san gyaɗa ɓawonta ake yarwa, lemo ma haka. Yakuwa kaɗai ce ake tuɓe wa 'ya'yanta riga, a shanye rigar, a jefar da mai riga. To, da can ba haka abin yake ba.

A wancan zamani 'ya'yan Yakuwa, su Gurguzu, tsirara suke zuwa duniya: 'yan ƙwallaye masu tauri da ƙaiƙayi, ba kyan gani, ba daɗin ci. Abin da Allah ya ba uwar shi ne fure. Furenta ja wur ne, in ya buɗe kuma sai ya cinye damina bai yi yaushi ba.

Tana zaune ne a ɗan lambun wata tsohuwa, Tabawa, a bayan ɗaki, cikin dangar kara. Mijin Tabawa, Malam Jatau, shi ya zo da irinta a aljihu daga wata tafiya, don furen ya ba shi sha'awa. Ya kuwa shuka ta a wurin da ya fi ko'ina ni'ima, daidai inda ruwan wanke-wanke ke gangarowa. Gefenta yayarta ce, Kuɓewa, uwa ɗaya uba ɗaya, ko da yake ba su cika jituwa ba. Kuɓewa akwai yauƙi da sanyin murya. Yakuwa kuwa komai nata da tsami, ganye, jiki, har yawun bakinta. A lokacin ba wanda ya yi tunanin sa ganyenta a miya, wannan daga baya aka koya.

Wata safiya Tabawa ta shigo lambu da ƙwarya, ta tsinki kuɓewa, ta tsinki barkono, ta zo kan Yakuwa ta tsaya ta riƙe ƙugu. Malam Jatau yana bakin danga yana gyaran ƙotar fartanya.

Ta ce, "Malam, wannan abar taka, me take yi mana a gidan nan?"

Ya ce, "Kyau take yi mana."

"Da kyan za ka ci tuwo?"

"Haba Tabawa, ido ma ai yana da haƙƙi."

"To idon ya ƙoshi. In aka yanke gero ban ga abin da zan sa a tukunya daga jikinta ba, tuge ta zan yi in zuba kabewa a wurin. Waɗannan munanan 'ya'yan nata kuma murhu za su, ko iri ba zan bari ba."

Malam Jatau ya san matarsa. Ya sunkuyar da kai ya ci gaba da fama da ƙota.

Yakuwa duk tana jin su. A tuge ta dai da sauƙi, amma a ƙone mata 'ya'ya? Ta dubi su Gurguzu a jikinta, tsuru-tsuru, ba su ma san abin da ake ciki ba, tausayinsu ya kama ta, kunyarsu kuma ta kama ta, don gaskiya munana ne.

Kuɓewa ta ja murya ta ce, "Ayya ƙanwata, sai haƙuri. Ni kam alhamdulillahi, nawa 'ya'yan ba sa kwantai. Tun suna 'yan mitsi-mitsi ake rububinsu, kullum sai an zo da ƙwarya an ɗiba an kai ciki."

Yakuwa ta ce, "Yaya, ba ki da aikin yi ne?"

Ta wuni tana kallon maƙwabta. Ta ga Barkono, ɗan tsurut da shi, ga mugun hali, amma da yake ya sa ja kowa sai ya miƙa masa hannu. Ta ga Gauta ma ba wani daɗi gare shi ba, sulɓin fata ne kawai. Sai ta ce a ranta, ashe mutanen nan tufafi suke kallo. Ja kuwa wa ya kai ta?

Nan take ta kama aiki. Ta ciro furenta ɗaya bayan ɗaya tana matse jan da ke jiki kamar mai matse wanki. Furen da ta matse sai ya koɗe ya koma fari-fari, saura ɗan ɗigon ja can ciki inda hannunta bai kai ba, kafin azahar kuma ya yi yaushi ya faɗi. Zuciyarta tana ciwo, don furen nan shi ne duk abin taƙamarta, amma ba ta fasa ba. Da jan ta rina yadi mai kauri, ta zauna ɗinki. Ba ta taɓa riƙe allura ba, kowane zare sai ta lasa kafin ya shiga, tana yi tana mita. Yawun nan nata mai tsami duk ya bi ɗinkin.

Da ta sa wa babban cikin su Gurguzu rigarsa, sai ya ɓace a ciki.

Daga can ciki ya ce, "Inna, ta yi mini yawa."

"Za ka girma a ciki."

"Wuyan ma bai haɗu ba, ga wasu kunnuwa a tsaye."

"Haka ake yayi. Rufe mini baki ka kumbura, ka zama kamar ɗan masu hali."

Ku da aka taɓa ɗinka wa kayan Sallah da hannu ya wuce yatsu, kun san yadda ya ji.

Aka yanke gero. Tabawa ta ɗora ruwan tuwo a tsakar gida, ta shigo lambu, ta yi turus. Ga Yakuwa ta yi jawur daga sama har ƙasa da wasu 'ya'ya ɓul-ɓul masu sheƙi. Tsohuwa ta washe baki ta ce, "Ashe tsoro yana sa haihuwa." Ta cika ƙwarya ta koma tsakar gida. Yakuwa ta leƙa ta kafar danga tana kallo, har wani ɗaga kai take yi don Kuɓewa ta gani.

Tabawa ta zauna kusa da murhu, ta zaɓi wanda ya fi girma, ta goge a zani, ta kai baki ta gartsa da ƙarfinta. Haƙoran da suka rage mata dama ba su da yawa. Tsami ya fara dukan ta har sai da idonta ɗaya ya rufe, sannan haƙori ya ci karo da Gurguzu, ji kake ƙwas. Ta tofar, ta dafe kunci, ta yi salati. Da zafin ya lafa ta sa farce ta yage jan, sai ga mutumin a zaune tsirara, yana ƙifta ido.

Ta ce, "Au, kai ne?"

Ta yage na biyu, shi ne. Ta yage na uku, shi ne dai. Haushi ya sa ta bi su kaf tana tuɓewa, ko za ta dace da na kirki ko ɗaya. Tana tuɓewa tana wurga 'ya'yan ta saman danga, rigunan kuma tana watsar da su gefe ba ta ko duba ba, ashe cikin tukunyar ruwan tuwo suke faɗawa. Da ta gama ta miƙe ta ce, "Ni za a yi wa rufa-rufa a gidana? Ina fartanyar nan?"

Yakuwa tana kallo. Ga 'ya'ya suna faɗowa a gindinta suna kuka, ga tsohuwa ta shiga ɗaki neman fartanya. Rinin kuma na gaggawa ne, bai kama ba, yana jin ruwan zafi ya fara zuba, tukunya ta yi jawur.

Ana haka Malam Jatau ya dawo daga gona, maƙogwaronsa a bushe. Ya ga jan ruwa a kan wuta yana wani ƙamshi, ya ɗauka sabon girki ne. Ya sa ludayi ya ɗiba, ya hura, ya kurɓa. Fuskarsa ta tattare wuri guda, kafaɗunsa suka tashi har kunne. Ya tsaya jim. Sai ya sake kurɓa. Ya shiga ɗakinsa ya ɗauko 'yar butar zumar da yake ɓoyewa, ya juye ruwan a ƙwarya, ya tsiyaya zumar, ya sirka da ruwan randa.

Tabawa ta fito da fartanya a kafaɗa ta same shi ya kafa kai.

"Malam, ruwan tuwona kake sha?"

"Zo ki ji."

"Ba na ji. Haƙorina na girgiɗi saboda 'yar gatan nan taka, yau sai ta bar gidan nan."

"Kurɓi ɗaya dai, sannan ki je ki tuge ta. Ni zan riƙe miki dangar."

Ta karɓa don ta huta da naci. Ta kurɓa, ta motsa baki, ta dubi ƙwaryar, ta kurɓa kuma. Malam Jatau ya miƙa hannu, ta juya masa baya.

Ta ce, "Dama akwai zuma a gidan nan?"

Ya ce, "Maganar fartanya muke yi."

Ba ta ajiye ƙwaryar ba sai da ta ga gindinta. Sannan ta zo bakin danga, leɓenta jawur, ta nuna Yakuwa da yatsa ta ce, "Kin tsira, maƙaryaciya. Amma kowace kaka ina son rigunan nan, masu kauri irin waɗannan. 'Ya'yan kuwa ki riƙe abinki, ba na so."

Da ta tafi, Yakuwa ta rasa murna za ta yi ko kuka. Ta zubar da furenta, ta tsattsage yatsu da allura, duk don a ce 'ya'yanta sun shiga sahun mutane, ga shi an shanye riga an koro su tsirara. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai.

Kuɓewa ta ce, "Ayya ƙanwata. A karɓi riga a maido yaro? Ni dai ba a taɓa maido mini ko ɗaya ba."

Yakuwa ta buɗe baki za ta yaɓa mata mai tsami, sai ta tsaya. Ta kafar danga tana hango Tabawa ta ɗora wani ruwan, ta jawo faifai da wuƙa, tana yanka kuɓewar miyar yau ƙanana-ƙanana.

A hankali ta ce, "Ko ɗaya, Yaya? Cikin duk waɗanda aka kai ciki, ba wanda ya taɓa dawowa ya gaishe ki?"

Kuɓewa ta leƙa ita ma. Ta ga 'ya'yanta a kan faifai, ta kau da kai.

Yakuwa ta dubi gindinta. Ga su Gurguzu birjik a ƙasa, sun yi buɗu-buɗu da turɓaya, babban yana ta gunaguni a maido masa rigarsa, da ma ya fara sabawa da ita. Ba wanda ya ɓata, ba wanda wuƙa ta taɓa. Ta sauke ganyenta ta rufe su.

Ta ce, "Ku yi shiru ku shige ƙasa. Riga dai na ɗinka wata."

Da ruwa ya sauka, duk suka tsiro, har cikin wurin da aka so a ba kabewa. Na sani, akwai masu tara gurguzu su yi daddawa, kada wani ya katse ni, wannan wata rigimar ce daban.

Shi ya sa har yau furen yakuwa fari-fari ne da ɗan ja a tsakiya, in ya buɗe da safe kuma ba ya kai yamma, uwar ta matse shi. Kowace kaka tana nan tana ɗinka jajayen rigunan nan, da gangan take ƙara musu kauri don idonmu ya tsaya a kansu. Mu tuɓe, mu jiƙa, mu zuba sukari, muna ganin mun yi wayo, ita kuwa a maido mata 'ya'yanta da rai.