Takwaran Ɗan Malam Sidi

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai, kuma kada wani ya fake da cewa bai san kwamfuta ba.

Malam Sidi shi ne shugaban ɗakin netwok, mai kula da haɗin kwamfutoci, a asibitin wani gari mai nisa da birni. Matarsa Dije ta daɗe ba ta haihu ba, har dangi sun daina tambaya. Da Allah ya kawo rabo, sai naƙuda ta zo da gardama. Likitan da ke wurin sabon hannu ne, ya ce sai an yi aiki, kuma ba zai sa wuƙa ba sai babbar likita ta birni tana kallo ta bidiyo tana faɗa masa inda zai bi.

Ana kwantar da Dije, hoton ya fara tsayawa, murya tana yankewa. Malam Sidi ya zauna gaban kwamfuta, amma tsoro ya kama shi, ko lambar sirrinsa ya kasa bugawa. Ya dubi ma'aikatansa uku, Haladu da Tanimu da Ɗanlami, ya ce, "Wanda ya dawo mini da hoton nan, in namiji aka haifa, sunansa zai ci." Ya tafi ya tsaya a ƙofar tiyata.

Haladu ne ya fara. Ya sa madubi a suwic, wato na'urar da duk wayoyin asibitin ke haɗuwa a cikinta, yadda komai ya wuce sai ya ga kwafinsa. Nan ya gano wata kwamfuta a ɗakin magani ta kamu da cuta, tana ta aman saƙonni, wasu daga waje suna amsa mata, babban layin intanet ya cunkushe kamar bakin tasha ranar kasuwa. Ba don shi ba, da laluben duhu za a yi ta yi.

Tanimu ya rubuta wa suwic jerin izini, ya hana kwamfutar nan wucewa. To, suwic mai gadi ne marar kara: in ka ba shi jeri, duk wanda ba ka ambata ba ya hana shi. Garin sauri Tanimu ya manta layin ƙarshe mai cewa sauran kowa ya wuce. Hoton ya ɗauke gaba ɗaya, shi kansa aka rufe shi a waje. Malam Sidi ya ji nas tana cewa allon ya yi baƙi, sai ya zauna a ƙasa. Tanimu bai tsaya kare kansa ba. Ya ruga da kwamfutarsa da kebul, ya jona kai tsaye a jikin suwic, ya ƙara layin da ya manta. Cutar ta tsaya cik.

Amma na waje ba su daina turo shara ba, babban layi har yanzu a cike yake. Ɗanlami yana da wani ƙaramin layi da ya kafa ta eriya a kan tankin ruwa, wanda abokan aiki suka daɗe suna yi masa dariya a kai. Ya rubuta taswirar hanya, ya ce duk abin da ya fito daga tiyata ya bi ta can. Adireshin kwamfutar tiyatar kuwa a madubin Haladu ya gani. Aka sake kira, fuskar likita ta fito tar, muryarta ta ce, "Na gani, fara."

Aka ciro yaro namiji, Dije ta rayu.

Yanzu suna ya matso, an ɗaure rago, liman yana jiran abin da za a raɗa. Malam Sidi ya rame, don alkawari kaya ne, yaron kuma ɗaya ne. In ya tuna wanda ya gano cutar sai ya ce Haladu. In ya tuna baƙin allon nan ransa ya ɓaci da Tanimu, amma ya san da ba a rufe cutar ba, da ta bi ƙaramin layin ma ta cika shi. Fuskar likita kuwa ta hanyar Ɗanlami ta iso.

To, ku da tsoro bai kama ku ba, sunan wa yaron nan zai ci?