Rabin Gemun Sarki

Wai an zargi Nomau da kisan kai, Sarki ya ce a fille kansa yau, a saurari shaidunsa gobe. Jatau wanzamin fada kuwa wan Nomau ne. Yana cikin yi wa Sarki aski sai ya zarce, ya kwashe rabin gemu tas.

"Ranka ya daɗe, a aske gemun ko a bari?"

Sarki ya shafa haɓa, ya zabura. "Sai da ka aske za ka tambaya?"

"Tsarin fada na bi. In kuskure ne, gobe in mayar."

"Wa ya taɓa mayar da gemu?"

"Gemu mai tsirowa ke nan. Kan Nomau fa?"

Sarki ya ja rawani ya rufe haɓa, dariya na cinsa. "A mayar da takobi kube, a kira shaidun."