Dawar da Ta Rufe Hanya

Akwai wani manomi wanda gonarsa take bakin titi, daidai inda hanya ta yi kwana. Mutum ne mai ƙwazo, sai dai ba ya iya ganin ƙasa ko kamar tafin hannu tana zaune babu shuka. Saboda haka ya shuka dawa har bakin kwalta. Damina ta yi albarka, dawa ta fi tsawon mutum, ta rufe kwanar ruf.

Manomin nan yana tare da mahaifiyarsa, tsohuwa ce wadda kunnenta ya yi nauyi. Kowace safiya takan dogara sanda ta ƙetare titin zuwa majami'a domin addu'a. Shi kuwa yakan tsaya a ƙofar gida yana kallonta cikin fargaba, gama motoci suna fitowa daga bayan dawar ba tare da an hango su ba. Ya roƙe ta ta riƙa yin addu'arta a gida, ta ce, “Ɗana, tun ba a zuba kwaltan nan ba nake bin hanyar nan.”

Tsoro ya hana shi sukuni. Ya zagi direbobi, ya yi gunaguni a kan hukuma da ba ta gina musu gadar ƙetarewa ba.

Ran nan wani ma'aikacin hanya ya tsaya ya dubi wurin, ya ce, “Baba, nan ba sai an yi gada ba. Ka sare layi biyu ko uku na dawar nan, direba ya iya hango gabansa. A jera duwatsu a gefe, a shafa musu farar ƙasa.”

Manomi ya dubi zangarniyar da ta fara ƙosawa, ya ce, “To, na ji. Bari dai sai bayan girbi.”

Ba a kai girbi ba. Wata safiya yana wanke fuska, sai ya ji ƙarar birki mai tsawo, sa'an nan shiru. Ya ruga a guje ba takalmi. Ya tarar da babbar mota ta karkace, sandar tsohuwa a karye ƙarƙashin taya, ita kuma tana zaune a ƙasa tana lalube. Da ranta, amma ƙugunta ya goce.

Direban ya sauko, ya ce, “Ban gan ta ba sai da na zo kanta. Dawar wane ne wannan?”

Manomi ya juya ya shiga gida. Ya ɗauko adda ya sare dawar yana kuka, kafin rana ta take ya gama. Tun daga ranar direbobi suna hango kwanar daga nesa, amma tsohuwa ba ta ƙara taka ƙafarta zuwa majami'a ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, hanyar nan zamanmu ce tare da mutane. Dawar kuwa ita ce abin da muke ƙauna, muka bar shi ya yi tsawo har yana sa waɗansu cikin hatsari, ko fushi ne, ko son riba, ko wata al'ada da muka saba. Mukan yi addu'a Allah ya aiko da babban taimako, alhali addar tana jingine a ɗakinmu. 'Yan'uwa, Ubangiji ya riga ya nuna wa kowannenmu layin da zai sare. Kada ka ce sai bayan girbi, gama gobe da safe wani naka zai ƙetare.