Direban Kejin Juma'a

An yi wani mutum ɗan zangon Salaga wanda yunwar shekarar tamanin da uku ta kora kudu, wurin masu haƙar zinariya. Ya fara da shebur kamar kowane ɗan arewa. Amma yana da kai, yana da hannu, har aka ɗora shi kan kujerar injin da ke saukar da ma'aikata cikin rami da kejin ƙarfe, yana kuma fito da su. Rayukan mutane na rataye da igiya guda, igiyar kuwa tana hannunsa.

Ya auri Barakatu, 'yar Yendi, wadda yake so kamar ransa. Ya aika Bawku aka zo da ƙanenta Aruna, mai kiwon shanun wani fatake, ya samo masa aiki a ƙarƙashin ƙasa.

Ana nan sai kamfanin haƙar zinariyar ya kawo sabuwar na'ura, ya haɗa ta da injin. Aikinta kaɗan ne: idan keji ya yi gudu fiye da ƙima ta rage masa, idan ya kusa bakin rami ta taka birki da kanta. Kowa ya yi murna. Shi kuwa abin bai yi masa daɗi ba. Akwati marar rai ne zai koya masa tsayawa?

Ya 'yan uwa, Shaiɗan bai zo masa da giya ba, bai zo da mata ba. Da sallah ya zo masa.

Kowace Juma'a Musulmin rami sukan yi sauri su fito don su riski liman. Na'urar kuwa ba ta san huɗuba ba, tafiyarta ɗaya ce kullum. Sai mutumin nan ya sami guntun waya, ya buɗe akwatin ya gama bakin nan da wancan, na'urar ta zama gunki, fitilarta na ci amma ba ta da iko. Ranar nan keji ya fito kamar kibiya. Mutane suka sami sahun gaba. A ƙofar masallaci ana ta shafa masa kafaɗa, ana cewa ga mai yi wa addini hidima. Yabon ya fi masa zuma daɗi.

Aruna ne ya tare shi a gida suna cin tuwo.

"Yaya, yau hanjina sai da ya sauko gwiwa. Mu fa ba buhun goro ba ne. Ka cire wayar nan."

"Matsoracin Bawku! Koma wurin shanunka. Tun kana bin saniya nake riƙe da birkin nan."

Barakatu ta sa baki a hankali: "Maigida, wanda ya makara ai sai ya yi azahar."

Ya ce, "Ba akwatin da zai hana Musulmi Juma'a ina raye."

Kun ji magana mai kyau a baki? Ku leƙa ƙarƙashinta. Don Allah ya yi, ko don kafaɗar da ake shafawa?

Wata Juma'a ya sa babbar rigarsa saƙar Yendi tun a wurin aiki, don kada ya ɓata lokacin komawa gida. Aka kaɗa ƙararrawa daga ƙasa, ya saki inji. Keji ya taso da gudu, cike da mutane masu alwala. Da ya kai hannu ga birki, hannun rigar ya sarƙe a jikin kujera. Ƙiftawar ido ce. Saboda irin wannan ƙiftawar aka kawo na'urar, shi kuwa ya riga ya ɗaure ta.

Keji ya wuce bakin rami ya daki ƙarafan sama. Sallar da aka yi bayan Juma'ar nan ta gawa ce, kuma Aruna na cikin waɗanda aka jera.

Aka ɗaure shi. Barakatu ta zo gidan yari sau ɗaya, ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ka ce ka yi kuskure, ko da ni kaɗai." Ya ɗaga kai ya ce, "Riga ce ta kama. Ajalinsu ne." Ta koma Yendi, ba ta sake waiwayarsa ba.

Da ya fito, ya ƙare yana dakon kifi a bakin ruwan Makango. Har ya mutu yana gaya wa fasinjojin jirgin ruwa cewa ba a taɓa yin direba kamarsa ba.

Wasu za su ce na tsananta, ai niyyarsa alheri ce. Ba zan janye ba! Amanar rai ta fi sahun gaba. Wanda aka ba tsaron jama'a ya kwance shi don a yabe shi, ya ci amana, ko da carbi a hannunsa. Kuma ƙaddara ba mafakar mai girman kai ba ce. Ƙofar tuba a buɗe take har ransa ya fita, shi ne ya ƙi sunkuyawa ya shiga.

Ya Ubangiji, ka raba mu da son yabo, ka ba mu harshen da zai iya cewa "na yi laifi" tun muna numfashi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda ke hannunmu.